Babbar motar rimot ta lantarki don wasa a fili: wacce ta dace?

Tambaya: Ina son sayen babbar motar rimot mai aiki da batir, irin wadda ke shiga rairayi da burji da ƙasa mai gargada. Ba tsere zan shiga ba, wasa ne kawai da la'asar ko ƙarshen mako a wani fili a bayan gari, wani lokaci tare da yarana. A Kano nake. Hankalina ya rabu tsakanin Traxxas X-Maxx da Arrma Kraton 8S. Wacce ta fi dacewa?

Amsa: Malam, ga irin wasan da ka bayyana, shawarata ita ce ka sauko mataki ɗaya. Ka nemi mota mai girman 1/8 (wato kashi ɗaya cikin takwas na motar gaske) wadda aka ƙera don ta ɗauki batirin 6S, sannan ka riƙa tuƙa ta da 4S, wanda bai kai shi ƙarfi ba. Motocin nan biyu da ka ambata nagartattu ne, kuma zan faɗa maka wadda ta fi a cikinsu idan ka nace, amma girmansu yana zuwa da ɗawainiyar da mai wasan ƙarshen mako ba ya bukata.

X-Maxx tsawonta ya kusa santimita 78, nauyinta kusan kilo 9. Kraton 8S ta kai wajen kilo 11, wato ta fi jarkar ruwa mai lita 10 nauyi. Kraton 6S kuwa, mai girman 1/8, ba ta wuce santimita 60 ba, nauyinta wajen kilo 5. Wannan ma babbar mota ce, wanda bai saba ba yakan yi mamaki in ya gan ta a fili. Ƙarfin karo yana ƙaruwa daidai da nauyi, amma in gudu ya ninka sau biyu ƙarfin karon sau huɗu yake ninkawa. A gudun kilomita 60 a awa mota tana cinye mita 17 cikin daƙiƙa ɗaya. Kilo 11 a wannan gudun in ya sami ƙaurin yaro, karaya ce. Tunda ka ce da yara za ka riƙa fita, wannan ya kamata ya zo gaban komai a lissafinka.

Sai kuɗi. Manyan nan biyu batir biyu suke ɗauka, 4S kowanne, a fita ɗaya. Mai 1/8 a kan 4S batir ɗaya ya ishe ta. Tayoyi, giya, sarbon da ke juya sitiyari, duk na manyan sun fi tsada, kuma sun fi nauyi a awon jirgi idan za a aiko maka da su.

Kada lambar girma ta ruɗe ka. 1/8 ko 1/10 kwatanci ne da motar gaske, kuma kowane kamfani da motar da yake kwatantawa. Traxxas Maxx an rubuta mata 1/10, amma a jiki ta kusa kamo 1/8. A kasuwannin intanet kuma za ka ga an rubuta 1/8 a kan motar da ba ta kai kilo 2 ba. Tsawo da nauyi za ka duba, sannan girman abin da ke riƙe taya: milimita 12 ko 14 na ƙananan 1/10 ne, 17 na 1/8, 24 na su X-Maxx.

Game da siffa, ga filin da ke da gargada da kunyoyin gona da ciyawa, mai manyan tayoyi a waje ita ce daidai, kamar Kraton 6S, Traxxas Sledge ko Traxxas Maxx. Ƙaramar mai kwanciya ƙasa irin Arrma Typhon ta fi daɗin tuƙi a filin ƙwallo mai santsi, amma cikinta yana dukan ƙasa a gargada, ciyawa kuma tana riƙe ta. Masu bodi da ya lulluɓe tayoyi, irin Arrma Mojave ko Traxxas UDR, sun fi kama da motar gaske, sai dai tayoyin suna watsa ƙasa cikin bodin, zafi kuma ba ya fita da sauri. A yanayin Kano ba zan sa su a gaba ba. Akwai kuma wani rukuni da ya kamata ka yi tunaninsa idan gudu bai dame ka ba: masu rarrafe a kan duwatsu, kamar Traxxas TRX-4 ko babbar Axial SCX6 mai girman 1/6. Ba su wuce saurin mai tafiya ko sassarfa ba, batir ɗaya yakan kai su awa guda ko fiye, da wuya su karye, kuma yaro ɗan shekara bakwai zai iya riƙe rimot ɗinsu.

Dalilin da ya sa na ce 4S a motar 6S shi ne wannan. Harafin S yana nufin yawan sel da aka jera a batirin LiPo, nau'in batirin litiyam da motocin nan ke amfani da shi, kowane sel bolt 3.7 a matsakaicin caji. Don haka 4S bolt 14.8 ne, 6S 22.2, 8S 29.6. Injin Kraton 6S marar burushi ne, wato irin da ba shi da gawayin da ke gogewa a ciki, mai lamba 2050Kv, ma'ana kowane bolt yana ba shi juyi 2,050 a minti. A kan 6S juyi 45,000 da ɗoriya kenan, a kan 4S kuwa wajen 30,000. Kashi ɗaya cikin uku na gudun ya ragu, amma giya da sandunan juya taya da aka yi domin 6S yanzu suna aiki ƙasa da iyakarsu. Karyewa tana raguwa sosai, zafi ma haka. Gudun da ya rage ya fi ƙarfin yawancin filayen da mutane ke samu. Ranar da hannunka ya faɗa, ka sayi batirin 3S biyu ka haɗa, motar ta koma sabuwa ba tare da ka sake sayen wata ba. Traxxas Maxx ita 4S ne iyakarta, don haka ba ta da wannan sararin, amma ta yi suna wajen juriya kuma tana iya miƙewa da kanta idan ta kifa.

Tsakanin kamfanonin biyu akwai bambancin da za ka ji a aljihu. Traxxas, da ke McKinney a jihar Texas ta Amurka, yana da fulogin batir nasa na kansa, kuma ya tsara batir da caja su dace da juna. Ga sabon shiga wannan sauƙi ne: ka jona, ka danna maɓalli. Amma batiran nasu sun fi tsada, kuma in za ka yi amfani da na wani kamfani sai ka canza fulogi ko ka nemi mahaɗi. Arrma na ƙarƙashin Horizon Hobby ne, yana amfani da fulogin IC5 wanda ke shiga da EC5, kuma batira masu EC5 suna da yawa a kasuwa. Shasin Kraton 6S farantin alminiyam ne, wanda in motar ta faɗo da hanci daga sama yakan lanƙwashe ya zauna a haka. Na Maxx da X-Maxx roba ce mai tauri da ke lanƙwasa ta dawo.

Abin da zai yanke hukunci a ƙarshe shi ne kayan gyara. Kowace motar rimot tana karyewa, komai tsadarta. Kafin ka biya, ka nemi zanen motar da ke nuna kowane ɓangare a warwatse da lambarsa. Ka ɗauki lambar hannun taya na gaba, ka bincika ko akwai masu sayarwa aƙalla biyu ko uku da za su iya aiko maka. In babu zanen, ko lambar ba ta fitar da komai ba, ka bar motar ko da rabin kuɗi ce. Araha ba ta ado: motar da hannun tayarta ya karye babu madadi ta gama aiki ranar. Kuma tunda saƙo daga waje yakan ɗauki makonni, ka haɗa kayan gyaran farko a oda ɗaya da motar: hannayen taya na gaba da na baya, sandar juya taya guda biyu, boris saiti ɗaya mai murfin roba, notin taya, filoli masu riƙe bodi, da ƙaramar giyar inji mai haƙora ɗaya ko biyu ƙasa da wadda ta zo da ita.

Yawancin waɗannan motoci suna zuwa a haɗe da rimot, amma babu batir babu caja. Rimot ɗin ma yana bukatar batirin AA huɗu. Ka ware kamar kashi ɗaya cikin uku na kuɗin motar don batir, caja da kayan aiki, ban da kuɗin jirgi da na kwastam.

Batirin da zan ce ka fara da shi: 4S, 5000mAh (yawan wutar da yake ajiyewa), mai lamba 50C ko sama (yawan wutar da zai iya fitarwa a lokaci ɗaya), mai ƙwarya mai tauri, guda biyu. Ka auna gurbin batirin motar kafin ka saya, domin 4S yana da kauri kuma ba kowanne ke shiga ba. Kada ka biya ƙarin kuɗi don an rubuta 120C, lambobin nan sau da yawa talla ce. Ɗaya zai ba ka minti 15 zuwa 25 gwargwadon nauyin yatsanka a totur.

LiPo yana da dokoki kaɗan, amma ba ya yafiya. Cikakken caji bolt 4.2 ne a kowane sel, ba a wucewa. Ƙasa da 3.0 sel ya fara lalacewa. ESC, akwatin da ke raba wa inji wuta, yana da tsarin yanke wuta idan sel ya sauko wajen 3.2 zuwa 3.4. Ka tabbata an saita shi a kan LiPo, kuma da zarar motar ta rage ƙarfi ka tsaya, kada ka kashe ka kunna don ka ƙara matso minti biyu. Caji ana yin sa da ƙaramin fulogin nan mai wayoyi da yawa a jone, domin cajar ta daidaita kowane sel. Batirin 5000mAh a amfiya 5 ake cajinsa, wajen awa ɗaya. Idan ba za ka yi wasa cikin kwana biyu ko uku ba, ka sa cajar ta mai da shi bolt 3.8 a kowane sel. Ajiye batir a cike cikin zafi shi ne babban abin da ke kumbura shi, kuma a watannin Maris zuwa Mayu, da zafi ke haura digiri 40, lalacewar ta fi sauri. Kada ka bar shi cikin motar da aka ajiye a rana, inda zafi kan wuce digiri 60. Ka yi caji a kan siminti, nesa da katifa da labule da galan ɗin fetur, kana kusa, da bokitin yashi a gefe. Wanda ya kumbura ko ya lotse, ka daina amfani da shi. Bayan wasa ka cire fulogin batir daga motar, domin ESC yana shan wuta kaɗan-kaɗan ko a kashe yake, zai iya zuƙe batirin har ya mutu.

Caja kuma ka nemi mai baki biyu wadda ke karɓar wutar bango da kuma ta batir. Cajin 4S a amfiya 5 yana cin wajen wat 84, biyu lokaci ɗaya wat 168, don haka mai wat 200 ta isa. HOTA D6 Pro misali ce ta irin wannan, SkyRC da ISDT ma suna da makamantanta. Amfanin mai karɓar wutar batir shi ne za ka iya jona ta da batirin sola ko na mota idan babu wuta, kuma ka huta da hawa da saukar wutar janareta. Ka duba an rubuta bolt 100 zuwa 240 a jikin cajar. Idan wani ne zai taho maka da batir a jirgi, a jakar hannu ake ɗaukarsa, ba a jakar da ake awo ba. Iyakar da aka saba ba tare da izinin kamfanin jirgi ba ita ce 100Wh, wato ma'aunin jimillar wutar da ke cikin batir. Batirin 4S 5000mAh 74Wh ne, bai kai iyakar ba. Na X-Maxx mai 6700mAh 99Wh ne kowanne, yana bakin iyaka.

Zafin inji shi ne inda mai wasa a Arewa ya bambanta da wanda kake gani a bidiyon Turai. Giyar da kamfani ya sa an zaɓe ta ne da yanayi mai sanyi a zuciya. Inji marar burushi ya kamata ya tsaya ƙasa da digiri 75 zuwa 80. In ya daɗe sama da haka maganaɗisun cikinsa yana rasa ƙarfi har abada, daga nan sai ya riƙa jan wuta da yawa yana ƙara zafi, har ya ƙone ko ya tafi da ESC. Ka sayi ma'aunin zafi mai kama da bindiga, na makanikai, ba na auna goshi ba, domin wancan iyakarsa zafin jikin mutum. Fitar farko ka yi minti biyar ka auna inji, ESC da batir. Batir kada ya wuce digiri 60. In inji ya haura 70 cikin minti biyar, ka sa ƙaramar giya mai ƙarancin haƙora, ka ƙara fanka a kan injin. Rairayi mai zurfi da doguwar ciyawa sun fi komai ɗora wa inji nauyi. Akwati na wasu motocin yana zuwa da ƙarin giya mai haƙora da yawa don gudun da aka rubuta a talla, wannan ta kwalta ce mai santsi, kada ka sa ta a ƙasa. Tsakanin batir da batir ka bar motar ta huta minti goma a inuwa, bodi a cire.

In ka canza giya sai ka daidaita haɗuwar haƙoranta da babbar. A Kraton 6S inji yana zamewa a kan maɗaurinsa: ka sa siririyar takardar littafi tsakanin giyoyin, ka matse su, ka ɗaure, ka zare takardar. Ya kamata ka ji ɗan motsi kaɗan a kowane gefe idan ka juya. In ta matse da yawa za ta yi kuka da zafi, in ta yi sako-sako haƙora za su zube. Maxx da X-Maxx suna da ramukan fil da aka riga aka auna, ka bi jadawalin da ke littafinsu.

Ƙura aikinta a hankali take yi. Tana shiga boris ta cinye shi, musamman na tayoyi. Bayan kowace fita ka share da burushin fenti busasshe ko ka hura iska, ka ɗaga motar ka juya kowace taya da hannu. Wadda ka ji tana gurzawa, boris ɗinta ya tafi. Ka duba gindin tayoyi: leda, zare da ciyawa suna nannaɗewa a nan, su narke, su yage murfin boris. Ƙaramin tsakuwa kuma yakan maƙale fankar ESC ba ka sani ba sai zafi ya yanke wuta. Kada ka shafa giris a giyar da ke waje, yashi zai manne ya zama abin goge ƙarfe. Ƙaya ba abin damuwa ba ce, tayoyin soso ne a ciki ba iska ba. Abin dubawa shi ne inda aka manne roba da ƙafa, in ya fara buɗewa ka wanke ka sa sufa gulu mai ruwa-ruwa kafin yashi ya cika ciki. Da damina, rubutun da ke cewa ba ta jin ruwa kayan wutar motar yake nufi. Boris da kusoshi suna tsatsa, soson taya yana shan ruwa ya sa taya ta riƙa girgiza, rimot kuma ruwa yana kashe shi.

Yawancin karyewa daga hannu take zuwa. Mafi tsada ita ce saukowa daga tsalle da totur a matse: tayoyi suna juyi da ƙarfi a iska, suka taɓa ƙasa suka tsaya nan take, duk ƙarfin ya koma kan haƙoran difaransha da sandunan juya taya. Ka saki totur kafin ta dira. A iska, totur yana ɗaga hanci, birki yana saukar da shi. Na biyu, dukan bishiya ko dakali da taya ɗaya, wanda ke karya hannun taya. Idan hakan ta faru za ka ga ana tallar hannaye na alminiyam. Kada ka saya. Hannun roba an yi shi ne ya karye a madadin abin da ya fi shi tsada. In ka sa ƙarfe, dukan zai wuce ya fasa akwatin giya ko ya lanƙwasa shasi. Abin da ya cancanci canji idan ya gaji shi ne sarbo, domin manyan tayoyi suna wahalar da wanda ke zuwa da motar. Ka nemi mai giyar ƙarfe da ƙarfin kilo 25 zuwa 35 don 1/8.

Ranar farko, kafin ta taɓa ƙasa, ka bi kusoshi da alanki mai kyau na milimita 1.5, 2, 2.5 da 3. Mai araha yana cinye kan kusa. Duk inda ƙarfe ya shiga ƙarfe ka ɗiga gam ɗin da ke hana kusa warwarewa mai launin shuɗi, irin Loctite 243, musamman ƙaramar kusar da ke riƙe giyar inji. Kada ka sa shi a roba, yana lalata ta. Ka matse notin tayoyi, ka sake dubawa bayan batirin farko. Rimot ake fara kunnawa sannan mota, wajen kashewa kuma mota ce farko. Ka ɗora ta a kan bulo tayoyi a sama, ka ɗan ba ta wuta, ka kashe rimot ka ga ko ta tsaya da kanta. Ga yara, rimot ɗin Spektrum da ke zuwa da Arrma yana da maɓallin rage ƙarfi zuwa kashi 50 ko 75, ESC na Traxxas kuma yana da tsarin koyo da ke rage shi zuwa rabi. Masu kallo su tsaya a bayan mai tuƙi, kuma ka nisanci titi da dabbobi.

In duk da haka zuciyarka na kan manyan, X-Maxx ta fi dacewa da kai. Ta fi Kraton 8S sauƙin nauyi da kilo biyu, shasinta yana shanye duka, tana miƙewa da kanta daga rimot idan ta kifa, wanda a babban fili yana rage maka zirga-zirga, kuma kayan gyaranta sun fi yawa a kasuwa. Kraton 8S ta fi zama daram a gudu, amma tana son fili mai faɗi ƙwarai da mai tuƙin da ya riga ya saba. X-Maxx ɗin ma ka fara ta da batirin 3S biyu, wato 6S, su zama iri ɗaya, ƙarfi ɗaya, an saye su tare, ana cajinsu tare. Batira biyu da aka jera in ɗaya ya fi ɗaya rauni, mai raunin yana zuƙewa ƙasa da iyaka kafin ESC ya lura, domin jimillar bolt yake karantawa ba na kowane sel ba. Ka rubuta wa kowace ma'aurata lamba da maka don kada su cakuɗe.